Ƙwazo Fiye da Ƙima a Aikin Sito: Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu Kuwa?

A kusan kowane babban sito da ake tara kaya ana rarraba su, akwai wani ma'aikaci da kowa ya sani. Shi ke fara shiga bayan tirela da zarar an buɗe ta, shi ke rungumar kwali biyu a lokacin da sauran ke ɗaukar ɗaya, kuma idan lokacin hutu ya yi sau da yawa sai ya ce bari ya ƙarasa layin da ya faro tukuna. Masu duba aiki suna yabonsa, abokan aikinsa kuwa wasu na jinjina masa, wasu na kallonsa a kaikaice. Tambayar da ta dace a yi a kansa, wadda shi ma yakan yi wa kansa idan ya kwanta bayansa ya riƙe, ita ce ko ƙarin ƙarfin da yake zubawa yana komo masa da abin da ya kai shi. Domin a amsa ta da gaskiya sai an bi kuɗin an ga aljihun da suke faɗawa, an kuma bi gajiyar an ga gaɓar da take taruwa.

Tun da farko ya kamata a fitar da ha'inci daga cikin maganar. Wanda ya karɓi aiki ya amince da ladansa, haƙƙi ne a kansa ya zo a kan lokaci, ya cika abin da aka yi yarjejeniya a kai, ya kula da kayan mutane, kada kuma ya laɓe a bayan kanta ya bar wa abokin aikinsa nauyin mutum biyu. Abin da ake tattaunawa shi ne ƙarin da ke bayan wannan: gudun da ba a rubuta a takardar ɗaukar aiki ba, hutun da ake yafewa, da sa'o'in da ake ƙarawa a kan jikin da ya riga ya gaji.

Yawancin ma'aikatan sito ana biyansu ne bisa sa'a ko bisa wata, kuma lissafin wannan tsari a bayyane yake ga duk wanda ya zauna ya yi shi. A ce mutum biyu suna karɓar lada ɗaya a sa'a, ɗaya yana haɗa kwali 100, ɗayan yana haɗa 130. Na biyun bai ƙara ko sisi a aljihunsa ba, abin da ya yi shi ne ya karya farashin ƙarfinsa da hannunsa, domin kowane kwali da ya ɗaga ya zo wa mai kamfani da rahusar kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Idan aka sami irinsa mutum huɗu a rukuni guda, sun cike gurbin mutum na biyar da ba za a ɗauka ba. Wannan riba ce ta gaske, amma a littafin kamfani ake rubuta ta, kuma babu wata doka ta ciniki da ke tilasta ta komawa ga wanda ya samar da ita sai idan an ɗaure ta da yarjejeniya tun kafin a fara.

Wannan ba sabon abu ba ne. A shekarar 1899, a kamfanin ƙarfe na Bethlehem da ke jihar Pennsylvania a Amurka, injiniya Frederick Taylor ya gudanar da gwajin da har yau ake koyarwa a darussan tafiyar da ma'aikata. Leburori ne ke ɗaukar curin ƙarfe mai nauyin kusan kilo 42 suna lodawa a taragon jirgin ƙasa, kowannensu yana loda kimanin tan 12 da rabi a yini a kan dala 1.15. A yadda Taylor ya ba da labarin da kansa, ya zaɓi mutum ɗaya ya tsara masa lokacin ɗauka da lokacin zama, har ya kai shi tan 47 a yini, ladansa ya koma dala 1.85. Aikin ya kusan ninka huɗu, ladan ya ƙaru da kashi 60 cikin ɗari kacal. Idan aka raba, tan ɗaya da ake biya sama da santi 9 a da ya koma ƙasa da santi 4: kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Masana tarihi sun yi ta tankiya a kan sahihancin wasu sassan labarin, amma akwai abubuwa biyu da Taylor ya amsa da bakinsa waɗanda masu yabon sauri ba su cika ambata ba. Ya ce a cikin mutum 8 ɗaya ne kawai jikinsa zai iya jure wannan adadi, ya kuma ce dole ma'aikacin ya kasance babu kaya a hannunsa fiye da rabin yinin, in ba haka ba ba zai kai yamma ba. Mutumin da ake ɗauka uban tsarin matsa wa lebura ke nan, amma ya san cewa hutu wani sashe ne na aikin.

Matsala ta biyu ta fi ta farko ɓoyuwa, ita ce abin da aka yi yau don bajinta gobe shi ne ma'auni. A watan Agusta na 1935 aka ba da sanarwa a Tarayyar Sobiyet cewa wani mai haƙar kwal, Alexei Stakhanov, ya haƙo tan 102 cikin ƙasa da sa'a 6, ninki 14 na abin da aka ƙayyade, ko da yake akwai waɗanda ke bayansa suna kafa masa tokara a ramin. Shi ya sami suna da kyaututtuka, sauran ma'aikatan masana'antu kuwa suka wayi gari a 1936 an ɗaga adadin da ake nema daga gare su. Masanin zamantakewa Donald Roy, wanda ya shiga wata masana'anta a Chicago ya yi aiki da hannunsa a tsakiyar shekarun 1940, ya tarar cewa ma'aikatan suna da iyakar da ba sa wucewa ko da suna iyawa, domin sun yi imani cewa duk wanda ya nuna aikin na iya fin haka sauri, ofis zai sake auna shi ya rage farashin. Ana iya kiran wannan ƙeta, amma wanda ya duba da kyau zai ga cewa kariya ce da suka yi wa kansu daga abin da suke tsoro.

A siton zamani ba a bukatar mutum ya tsaya da agogo a hannu. Ma'aikaci yana riƙe da 'yar na'ura mai karanta lambar kaya, ita ke gaya masa layin da zai shiga da kantar da zai miƙa hannu, a wasu wuraren har da daƙiƙun da suka rage masa suna ƙirguwa a fuskarta. Da zarar ya haska lambar kwalin ta yi ƙara, sai wani wurin ya bayyana. Duk tsayuwar da ya yi, ko don ya ɗaure takalmi ko don ya zaga bayan gida, tana shiga lissafin lokacin da bai yi aiki ba. Daga irin waɗannan alƙaluma ne a wurare da dama ake fitar da adadin da za a yanka wa kowa, saboda haka idan masu jini a jika suka yi gudu wata uku, ma'aunin da za a ɗora wa mai shekara hamsin da ke kusa da su ya tashi, su ma kansu bajintarsu ta zama abin da ake tsammani kullum. Ranar da suka koma tafiyar kowa da kowa, na'urar za ta nuna sun ja baya. Lamarin ya kai ga jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2021 wadda ta tilasta wa manyan gidajen ajiyar kaya su bai wa ma'aikaci adadin da ake nema daga gare shi a rubuce, ta kuma hana duk adadin da zai tauye hutu, cin abinci ko zuwa bayan gida, jihar New York ma ta bi sahu a 2022. Ba a yin doka a kan zuwa bayan gida sai idan an riga an ga mutane suna danne kansu don tsoron lissafi.

Inda ake biya bisa jinga, wato gwargwadon abin da mutum ya yi, lissafin ya ɗan bambanta. Masanin tattalin arziki Edward Lazear ya bi diddigin kamfanin Safelite, mai sanya gilashin mota a Amurka, lokacin da ya sauya daga biyan sa'a zuwa biyan jinga a tsakiyar shekarun 1990. Aikin da ake samu daga kowane ma'aikaci ya ƙaru da kusan kashi 44 cikin ɗari, ladan ma'aikata kuma ya ƙaru da kusan kashi 10. Ma'aikaci ya amfana, kuma kamfanin ya ajiye masa wani mafi ƙarancin lada da ba zai faɗi ƙasa da shi ba, abin da ya rage masa kasada. Duk da haka tazarar da ke tsakanin 44 da 10 tana nuna yadda ake rabon ko a tsarin da ya fi adalci. A jinga ƙwazo yana biya, da sharaɗin farashin kowane kwali ya tsaya inda yake, kada a zaftare shi bayan an ga hannu ya saba.

Sai dai duk wannan lissafin kuɗi ne, alhali babban abin da ɗan sito ke kashewa jikinsa ne, kuma a nan ne nake ganin aka fi yin sakaci. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, tana da ma'aunin ɗaukar kaya da ta sabunta a 1991, wanda masana ke amfani da shi a ƙasashe da dama. Ya fara ne daga kilo 23, nauyin da yawancin masu lafiya za su iya ɗagawa ba tare da haɗari ba idan komai ya daidaita: kayan na dab da jiki, yana daidai tsayin ƙugu, yana da wurin riƙo mai kyau, ba a murɗa jiki, kuma jifa-jifa ake ɗagawa. Kowane sharaɗi da ya ɓaci yana rage adadin, kuma maimaitawa na cikin waɗanda suka fi zaftare shi. Wanda zai yini yana ɗagawa sau 1 a minti, kilo 23 ɗin ya sauko kusan 17. Idan ya koma sau 4 a minti, ya sauko kusan 10. Ma'anar wannan ita ce kwalin da ba shi da haɗari da safe a tafiyar hankali yana zama mai haɗari idan aka ninka sauri, ko da nauyinsa bai ƙaru da giram ɗaya ba.

Wanda ya taɓa kallon yadda ake sauke kwantenar da aka cusa wa kwalaye tun daga ƙasa har rufi zai gane dalili. A sa'ar farko mutum yana durƙusawa da gwiwa, yana jawo kwali jikinsa, yana juya ƙafafunsa gaba ɗaya kafin ya ajiye a kan katakon lodi. Bayan sa'a uku a cikin akwatin ƙarfe da iska ba ta ratsawa, cinyoyi sun gaji, sai ya fara sunkuyawa da baya, yana miƙa hannu nesa don ya rage taku ɗaya, yana murɗa ƙugu kayan na hannunsa ƙafafu kuma suna kafe. Kowace dabara daga cikin waɗannan tana rage daƙiƙa guda, kuma kowacce tana ƙara matsi a kan faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ƙasan baya. Sauri a aikin ƙarfi yawanci daga nan ake samo shi, daga yanke hanyar da aka tsara don kare jiki. Abin takaicin shi ne irin wannan rauni ba ya zuwa da jini ko karaya da za a nuna wa kowa a rubuta a littafin haɗari. Taruwa yake yi a kafaɗa, a wuyan hannu, a gwiwa, a ƙugu, har ranar da mutum zai sunkuya ɗaukar abin da bai kai kilo 2 ba ya kasa miƙewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane a duniya. Ga ma'aikacin ofis ciwon baya damuwa ce, ga wanda bayansa ne jarinsa kuwa yana iya zama ƙarshen sana'a tun yana ɗan shekara arba'in.

Akwai masu lallashin kansu da cewa ai motsa jiki ne ake biyansu su yi. Binciken da aka yi a Denmak a kan mutane fiye da 100,000, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna cewa motsa jiki na lokacin hutu yana tafiya da raguwar ciwon zuciya da mutuwa, amma yawan aikin ƙarfi a wurin sana'a yana tafiya da ƙaruwarsu. Bayanin da masana ke bayarwa mai shiga hankali ne: mai wasanni yana matsa wa jikinsa na ɗan lokaci sannan ya huta ya murmure, lebura kuwa zuciyarsa na bugawa sama da ƙa'ida sa'a 8 ko 10, yana maimaita motsi guda, gobe kuma ya dawo kafin jikin ya gyara abin da ya lalace jiya.

Batun ƙarin sa'o'i ya fi sauƙin aunawa, domin shi aƙalla akan biya shi, a ƙasashe da yawa ma da ƙari. A Amurka doka ta sa ninki ɗaya da rabi bayan sa'a 40 a mako. Ga mai bashi a wuya ko mai tara kuɗin wata bukata, wannan ita ce hanya mafi tsabta ta mayar da ƙarfi kuɗi, kuma ban ga laifin wanda ya bi ta na wasu makonni ba. Amma tana da iyaka da aka daɗe da sani. John Pencavel na Jami'ar Stanford ya sake nazarin bayanan masu ƙera harsasai a Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ga cewa aiki yana ƙaruwa daidai da sa'o'i har zuwa kusan 49 a mako, daga nan ƙarin ya fara raguwa, har abin da ake samu a sa'a 70 bai bambanta sosai da na sa'a 56 ba. A 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka bayyana cewa aikin sa'a 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, da haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17, idan aka kwatanta da mai yin sa'a 35 zuwa 40.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajen masu ƙwazo ita ce ƙarin girma: a daure yanzu, gobe a zama shugaban rukuni. Ana samun hakan, kuma sito na cikin wuraren da mutum marar babbar takarda zai iya hawa daga ƙasa. Amma kujerun kaɗan ne, mai duba aiki ɗaya yana kan mutane da dama, kuma abin da ake nema a kujerar ba shi ne abin da ake nema a bakin tirela ba. Ana neman wanda zai iya tsara waye zai tsaya ina, ya rubuta rahoto, ya gano dalilin da ƙidayar kwamfuta ta saɓa da abin da ke kan kanta, ya raba faɗa ba tare da ya zama ɓangare ba. Akwai ma wani abu da ba a cika faɗa a fili ba: manajan da ake auna shi da adadin kayan da suka fita ba ya ɗokin cire mafi saurin mutanensa daga layi, domin ranar da ya ɗaga shi sai ya nemi mutum ɗaya da rabi ya maye gurbinsa. Sau da yawa ladan mai sauri shi ne a tura masa tirelar da ta fi wuya.

A ganina ƙwazon da ke biya a sito shi ne wanda ke barin wani abu a hannun mai shi bayan an tashi aiki. Saurin da aka yi jiya ya tafi da kwalayen jiya, amma wanda ya yi amfani da ƙarin himmarsa ya koyi tuƙa motar ɗaga kaya ya sami takardar shaida, ko ya nemi a sa shi cikin masu ƙidayar kaya, ko ya ƙware a manhajar da ke tafiyar da shige da fice, ko ya koyi cike takardun karɓa da aikawa, ya mallaki abin da zai bi shi zuwa kowane kamfani, abin da kuma ba ya raguwa idan gwiwa ta fara ƙara. Haka ma sunan da mutum ke yi na cewa ba ya makara, ba ya aika kaya adireshin da ba nasu ba, ba ya fasa kaya, kuma idan ya ce ya ƙirga to ya ƙirga. Kuskure ɗaya a lodi na iya cinye ribar saurin yini guda, kuma manajan da ya san aikinsa ya san haka. Wannan ma wahala ce, tana bukatar natsuwa da zuwa kullum, amma ba daga faifan baya ake cirarta ba.

Girman wurin ma yana sauya lissafi. A ƙaramin sito inda mai shi ya san kowa da suna kuma shi ke yanke albashi, ƙwazo yana da idon da ke ganinsa da hannun da zai iya saka masa. A katafaren wuri mai dubban ma'aikata, inda aka tsara albashi mataki-mataki daga hedkwata kuma masu duba aiki ke sauyawa kafin su gama sanin fuskoki, mai duba aikin da ya fi kowa son mutum ma ba shi da ikon ƙara masa komai sai yabo.

Wanda ya fi kowa shiga tsaka mai wuya shi ne ma'aikacin wucin gadi da aka kawo ta hannun kamfanin haya a lokacin da kaya suka yi yawa, aka ce masa za a riƙe waɗanda suka fi ƙoƙari. A nan ƙarin himma na iya zama jari na gaske, tun da bambancin da ke tsakanin aikin wucin gadi da na dindindin ya shafi hutu, jinya da kwanciyar hankali. Amma alkawarin da ba shi da rana yana iya jan mutum shekara yana gudu. Kafin ya yanke shawarar matsa wa kansa, yana da haƙƙin ya tambaya cikin ladabi: mutum nawa za a riƙe, yaushe za a yanke hukunci, da me za a auna, kuma cikin waɗanda aka kawo bara nawa ne suke nan har yanzu. Tambaya ta ƙarshe ba sai ya kai ta ofis ba, tsofaffin ma'aikata za su amsa masa ita a lokacin hutu. Idan amsoshin sun fito da rana da adadi, gudun mako 8 ko 10 da aka yi shi ba tare da yafe hutu ko karya ƙa'idar ɗaukar kaya ba yana da ma'ana. Idan kuwa abin da ya samu shi ne “ci gaba da ƙoƙari, muna gani”, to ya cika adadin da aka rubuta masa cif, ya sha ruwansa, ya zauna idan lokacin zama ya yi, sannan ya nemi wanda ke tsara horon motar ɗaga kaya ya tambaye shi ranar da za a buɗe rajista.